Yadda Ake Tsara Shafukan Mujallar Waƙa Don Aikin Makaranta, da Yadda Ake Auna Su

Aikin da aka saba bai wa ɗalibi kashi uku ne: bangon mujalla, shafin ƙunshiya, da tagwayen shafi, wato shafi biyu masu fuskantar juna, masu ɗauke da babban labari. A Ingila, hukumar jarrabawa ta OCR ta shafe shekaru a baya tana ba ɗaliban nazarin kafofin yaɗa labarai wannan aiki a tsohuwar manhajar karatun da ta fara aiki da ita a 2008, kuma rabon makinta abin lura ne: 20 na bincike da shiri, 60 na shafukan kansu, 20 na bayanin da ɗalibi zai yi a kan abin da ya ƙera. Wato maki 40 cikin 100 ba sa kan ado ko kaɗan, suna kan hujja. Ɗaliban aikin jarida a jami'o'i da kwalejojinmu da ake sa su fitar da mujallar gwaji za su amfana da wannan ma'auni, ko da malaminsu ya raba maki ta wata hanya daban. Duk abin da ka ɗora a shafi, launi ne ko hoto ko girman baƙi, ya kasance kana da amsa idan aka ce maka "don me?"

Kafin ka buɗe kwamfuta

Fara da zaɓen nau'in waƙa guda ɗaya da mai karatu guda ɗaya. "Mujallar kowa da kowa" ba ta tsaruwa, domin launin da zai ja matashi mai sauraron hip-hop na Hausa ba shi ne zai ja dattijon da ke son kiɗan kalangu da garaya ba, kuma mai bin waƙoƙin fina-finai daban yake da mai bin waƙoƙin bege. Rubuta siffar mai karatunka a layi biyar: shekarunsa, inda yake zaune, inda yake jin waƙa, abin da zai iya kashewa a wata, da harshen da yake karatu da shi cikin sauƙi.

Sannan ka nemo bangon mujallu na gaske guda uku, da shafin ƙunshiya uku, da tagwayen shafi uku. In ka samu na takarda ya fi, domin za ka sa rula ka auna. Kada ka tsaya a "wannan ya yi kyau". Auna tsayin sunan mujallar, ƙirga kanun da ke bango, ƙirga launuka, duba inda idon mutumin da ke hoton yake kallo. Mujallar Q ta Birtaniya, wadda ta fito daga 1986 zuwa 2020, harafi ɗaya fari ta sa cikin jan murabba'i a kusurwar hagu ta sama. Rolling Stone ta Amurka, wadda ta fara a 1967, shimfiɗa sunanta take yi daga gefe zuwa gefe, kuma sau da yawa kan mawaƙi yana rufe wasu baƙaƙen sunan. Kerrang! ta masu kiɗan rok, a lokacin da take fitowa a takarda, cunkoso take yi da gangan, domin hayaniya ce kasuwarta. A gida, tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara a 1999, za su nuna maka yadda kanun Hausa ke zama a bango, abin da mujallun Turai ba za su koya maka ba.

Daga nan sai fensir da takarda. Zana kowane shafi sau uku ko huɗu a ƙaramin akwati kamar girman tafin hannu, kana sauya wurin hoto da kanu. Ɗauki hoton zanen nan ka adana, shi ne shaidarka ta farko cewa tunani ya riga aiki.

Aza raga

Girman A4 milimita 210 ne a faɗi, 297 a tsayi. Ƙara milimita 3 a kowane gefe, shafin ya zama 216 da 303. Wannan ita ce rarar yanka, kamar yadda tela ke barin rarar yadi a bakin ɗinki. Wuƙar maɗaba'a ba ta sauka daidai kan layi kullum, saboda haka duk hoto ko launin da kake so ya kai bakin takarda sai ka ja shi har cikin rarar. Wanda bai yi haka ba zai ga siririn farin layi a gefen bangonsa. Akasin haka kuma, kada rubutu ya matso bakin takarda fiye da milimita 5, in ba haka ba wuƙa za ta ci shi.

Ga ma'aunin da ke aiki a shafukan ciki: rata ta sama milimita 15, ta ƙasa 20, ta waje 12, ta ciki wajen ɗauri 18. Abin da ya rage maka na rubutu shi ne faɗin milimita 180. Raba shi ginshiƙi uku da tazarar milimita 5 a tsakaninsu, kowane ginshiƙi zai kama kusan milimita 57. Masu wayo sukan raba shi shida tun farko, sai rubutu ya ci bibbiyu, ƙananan hotuna da bayaninsu su ci ɗaiɗai. Ragar, wato wannan tsari na rata da ginshiƙai, ɗaya ce, amma ta fi ba da damar motsi.

Gina wannan raga a shafin uwa, wanda duk sauran shafuka ke gado daga gare shi, tare da lambar shafi da sunan mujalla da watan fitowa a ƙasa. Manhajojin kwamfuta InDesign da Scribus, wadda kyauta ce, don irin wannan aiki aka yi su. CorelDraw, wadda yawancin masu buga takardu a garuruwanmu suka fi sabawa da ita, za ta yi aikin shafuka huɗu ba matsala. Photoshop kuwa na gyaran hoto ne. Ana iya haɗa bango a cikinta, amma zuba dogon rubutu a cikinta wahala ce, kuma ƙananan baƙaƙe kan fito da gashi-gashi idan aka narkar da su cikin hoto.

Shafin hagu kullum lambarsa cika ce, na dama mara. Bango shi ne shafi na 1. Tagwayen shafi sai dai su zama 14 da 15, ba 15 da 16 ba. Mai duba aiki da ya san sana'ar nan take zai kama wannan kuskure. Haka kuma mujallar da ake ɗaurewa da waya a tsakiya yawan shafukanta sai ya rabu da huɗu: 32, 48, 64.

Hoto

Nan ne aiki ke tashi ko ya faɗi, kuma nan ɗalibai suka fi yin kasala. Hotunan su zama naka, kai ka ɗauka. Manhajar OCR ɗin nan ta sharɗanta aƙalla hotuna huɗu na ɗalibi, kuma hoton sanannen mawaƙi da aka kwafo daga intanet ba ya kawo maki, ga shi haƙƙin wani ne. Samo aboki ko 'yar ajinku su fito a matsayin mawaƙin da ka ƙirƙira, ka karɓi izininsu a rubuce. In yaro ne, izinin iyaye.

Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Bango da rararsa yana bukatar hoto mai fiksel 2551 da 3579. Wayar da ke ɗaukar megafiksel 12 tana ba da 3000 da 4000, saboda haka ta isa bango, muddin a tsaye ka riƙe ta kuma ba ka yanke hoton sosai ba. Idan hoto ɗaya zai mamaye tagwayen shafi, wannan waya za ta ba ka kusan ɗigo 240, wanda ido zai lamunta. Abin da ba zai lamunta ba shi ne hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar kan matse shi zuwa wajen fiksel 1600 a dogon gefensa. A fuskar waya garau yake, a bangon A4 kuwa sai ya farfashe. A turo shi a matsayin fayil, ko a kwafe shi da kebul. Kuma jan hoto ya ƙara girma a kwamfuta ba ya ƙara masa komai sai dishi-dishi. In za ka sauya girmansa, ja daga kusurwa, kada ka ja daga gefe, ko fuskar mutum ta baje.

Hoton bango daga ƙugu ko ƙirji zuwa sama ake ɗauka, mutumin yana kallon cikin kyamara, domin idon da ya haɗu da na mai saye shi ke tsayar da shi. Bar fili a saman kansa don sunan mujalla, da fili a hagu da dama don kanu. Ɗalibai da yawa kan cika hoton da fuska, daga baya su rasa inda za su sa rubutu sai kan kunci. Ja da baya taku biyu, yankewa ta fi ƙari sauƙi. Bayansa ya zama bango lafiyayye mai launi ɗaya, ko zani marar zane da aka miƙar, mutumin ya ba shi tazarar kamar mita ɗaya da rabi don kada inuwarsa ta manne masa.

Kada ka ɗauka da tsakar rana. Rana a tsaka tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, tana sa goshi ƙyalli. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, ko inuwar rumfa mai fuskantar haske. Sa wani ya riƙe farin kwali a ɓangaren da ke duhu ya maido da haske kan fuska. Sannan ka kula da farar riga a jikin mai duhun fata: waya kan auna haske da farin, sai fuskar ta nutse. Taɓa fuskar a allon waya kafin ka ɗauka don ta auna da ita. Tawada tana ɗan bazuwa a takarda, shi ya sa bugu kan fi allo duhu, sai ka ɗan ɗaga hasken tsakiyar hoton kafin ka kai. Ɗagawa kaɗan ake nufi, ba mayar da mutum fari ba.

Kayan da ke jikinsa da abin da ke hannunsa su faɗi irin waƙar kafin a karanta ko kalma ɗaya. Mai gurmi da hula da 'yar shara saƙo ɗaya ne, mai tabarau da sarƙa da makirfo wani saƙon ne. Ɗauki hotuna da yawa a wurare biyu ko uku da sutura daban-daban. Mujallar da mutum ɗaya da riga ɗaya ya cika bangonta da ƙunshiyarta da labarinta tana tona asirin cewa cikin rabin awa aka yi komai.

Baƙaƙe, da matsalar masu ƙugiya

Nau'in haruffa biyu sun isa, uku iyaka: ɗaya na sunan mujalla, ɗaya na kanu, ɗaya na dogon rubutu. Kafin ka ƙwallafa rai a kan kowanne, buga wannan a ciki: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ, da Ƴ ƴ in da rubutun Nijar kake aiki. Yawancin haruffan ado da ake saukewa kyauta ba su da waɗannan baƙaƙe. Abin da kan faru shi ne ko akwati ya fito a gurbin baƙin, ko manhaja ta aro shi daga wani nau'in a ɓoye, sai ka ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai kauri. A ƙaramin rubutu ana iya wucewa ba a gani ba, a kanu mai girman yatsa kuwa kowa zai gani. Cire ƙugiyar ma ba mafita ba ce, domin kanun da ya ce "Baki sun cika fili" ba abin da ka nufa ya faɗa ba. Noto Sans da Noto Serif da Charis da Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne.

Girman baƙi da ma'aunin pt ake faɗarsa, 72 ke yin inci ɗaya. Dogon rubutu 9 zuwa 10, tazarar layi 12. Ɗalibi ya saba da 12 na takardar aikin gida, sai ya kawo shi mujalla, shafin ya koma kamar littafin firamare. Bayanin hoto 7 zuwa 8. A ginshiƙin milimita 57, layi zai ɗauki baƙaƙe 35 zuwa 40, daidai yadda ido ke so.

Daidaita rubutu ta hagu kawai, ka bar dama yadda ta zo. In ka tilasta gefe biyu su miƙe a siririn ginshiƙi, dogayen kalmomi irin su "tattaunawa" da "shirye-shiryensu" za su buɗe ramuka a tsakiyar layi. Kashe raba kalma na kai-tsaye, domin manhajar da ƙa'idar Turanci take yanka, tana iya raba "ts" ko "sh" ko "ƙw" gida biyu. Inda raba kalma ya zama dole, yi da hannunka a kan gaɓa.

Bango

Sunan mujalla ya zama gajere, kalma ɗaya mai baƙaƙe huɗu zuwa shida, misali a ce Amshi. Gajeren suna yana iya girma. Ba shi tsayin milimita 45 zuwa 60 a sama. Ana iya barin kan mawaƙi ya hau kan sunan don hoton ya taso, amma sabuwar mujalla ba ta da sanayyar Rolling Stone, saboda haka kada a rufe fiye da ɓangaren baƙi ɗaya. Yankan gashi ko gefen ɗankwali ya fita tsaf, in aka bar farin zobe a kewayen kai gara ma ba a yi ba.

Matakin girma uku ake so. Babban kanu, wanda yawanci sunan mawaƙin bango ne, pt 60 zuwa 90, da layi ɗaya na jan hankali a ƙarƙashinsa. Ƙananan kanu huɗu zuwa shida, 18 zuwa 24, kowanne da ɗan bayani mai girman 11 zuwa 13. In komai ya zo girma ɗaya, ido ba ya sanin ta inda zai fara. Jera ƙananan kanun su bi layi ɗaya a tsaye a hagu ko dama, kada su watsu. Mafi ƙarfinsu su zauna a hagu da sama, domin idan mai sayar da jarida ya jera mujallu wata kan wata, wannan ɓangaren ne ke leƙowa.

Kanun bango alkawari ne. "Hira da mawaƙa" bai ɗauki alkawarin komai ba. "Na bar makaranta saboda gurmi" ya ɗauka. Adadi ma yana ja: "Sabbin muryoyi 10 daga Zariya".

Launi uku sun wadatar, ɗaya mai ƙarfi da baƙi da fari. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebo mai ƙarfin daga jikin hoton, daga hula ko mayafi, sai bangon ya haɗe. Ja a kan baƙi, shuɗi a kan ja, rawaya a kan fari, duk ba sa karantuwa. Idan rubutu ya faɗa kan wuri mai zane-zane, kada ka yi masa kwalliyar inuwa da zobe. Matsar da shi, ko ka duhunta wurin kaɗan, ko ka sa masa akwati.

Sauran ƙananan abubuwa su ne wata da shekara, lambar fitowa, farashi, da bakod, wato zanen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, a kusurwar ƙasa cikin farin akwati mai faɗin kusan milimita 37. Bakod ɗin mujallu da 977 yake farawa, domin daga lambar rajistar mujallu ta ISSN ake gina shi, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Ɗalibi ba ya bukatar ta gaske, amma ya sa mai kama da ita, ba ta kwalin sabulu ba.

Shafin ƙunshiya

Aikinsa nuna hanya. Babban hoto ɗaya, ƙanana biyu ko uku, kowanne da lambar shafinsa a jiki. Kasa labarai rukuni-rukuni: manyan labarai, hirarraki, sharhin sabbin waƙoƙi, filayen kowane wata. Lambobi su jeru a layi ɗaya cikin launin mujalla. Labari 15 zuwa 20 ne ke sa a yarda mujalla ce, shida ƙasida ce. Duk abin da bango ya yi alkawari sai an same shi a nan, kuma lambar da ka ba babban labari ta zama ita ce a ƙasan tagwayen shafinka.

Tagwayen shafi

Ɗauke su a matsayin fili ɗaya mai faɗin milimita 420, ba shafi biyu maƙwabta ba. Tsari mafi aminci shi ne hoto ya cinye shafi guda har cikin rarar yanka, rubutu ya zauna a ɗayan, sannan wani abu ya ƙulla su: launin kanu ya fito daga rigar mawaƙin, ko bayan hoton ya zarce ƙarƙashin rubutun. Mawaƙin ya fuskanci rubutu. In yana kallon waje, idon mai karatu zai bi shi ya fice daga shafin. Kada kuma ka juya hoto don gyara wannan in akwai rubutu a riga ko kayan kiɗa a hannu, za a ga makaɗin ya koma bahago.

Tsakiyar nan inda aka naɗe takarda rami ne. Fuska, ido, ko ƙaramin rubutu kada su faɗa ciki. Idan kanu zai tsallaka, naɗin ya faɗa tsakanin kalma da kalma.

Jerin abubuwan shafin rubutu: kanu, sai shimfiɗa ta kalma 25 zuwa 35 mai girman 13 ko 14 da ke gabatar da mawaƙin, sai sunan marubuci da na mai hoto, sai labarin da ya fara da babban baƙi mai zurfin layi uku. Da ma'aunin da aka bayar a sama, ginshiƙi yana ɗaukar layi 61. In kanu da shimfiɗa suka ci sulusin shafi, saura layi 40 sau uku, wato wajen kalma 700 bayan an cire wurin tsakure. Rubuta labarin da wannan adadi a ranka. Wanda ya rubuta 300 zai koma kumbura baƙaƙe, wanda ya rubuta 1,200 zai koma matse su, duka biyun kuwa ana gani.

Tsakure shi ne jimla ɗaya mai zafi daga bakin mawaƙin, a girman 18 zuwa 24, a sa ta inda za ta karya dogon rubutu. Bar mata iska ta milimita 4 a kewaye, kuma kada ta zauna dab da inda jimlar take a cikin labarin. Layukan ginshiƙai uku su yi sahu ɗaya, ka aza rula a kwance ka gani. Kada layin ƙarshe na sakin layi ya kwana shi kaɗai a saman sabon ginshiƙi. Sakin layi kuma ko dai a tura farkonsa ciki da milimita 4, ko a bar tazara, ba duka biyun ba. Farin fili da ya rage ba asara ba ne, kada ka cusa masa tauraro.

Kai wa mai bugu

Allo da haske yake haɗa launi, injin bugu da tawada huɗu, tsarin da ake kira CMYK (C shuɗi, M ja-ja, Y rawaya, K baƙi). Mayar da aikinka can tun da wuri, domin shuɗi mai walƙiya da kore mai ƙyalli za su dusashe, gara ka gani da idonka kafin ranar miƙawa. Ƙaramin rubutu baƙi ya zama baƙar tawada zalla, K 100. In ya haɗa tawada huɗu, da zarar faranti ɗaya ya goce sai baƙaƙen su yi inuwa mai launi. Faffaɗan baƙin fili kuwa K 100 kaɗai toka-toka yake fitowa, sai a yi masa C 60, M 40, Y 40, K 100.

Fitar da aikin a PDF da rarar yanka da alamun wuƙa. In fayil ɗin CorelDraw za ka kai, mayar da rubutu zane da Ctrl+Q a kwafi na daban, domin kwamfutar shagon ba lallai tana da haruffanka ba, kuma baƙaƙe masu ƙugiya ne farkon waɗanda za su ɓace. Bango a kati mai nauyin giram 250, ciki a takarda mai sheƙi ta 115 zuwa 135. Ajiye kowane mataki da sabon suna, bango1, bango2, bango3, a waya da filashi. Wannan ya tsare ka daga ɗaukewar wuta, ya kuma tara maka shaidar yadda aikin ya girma.

Auna aikin

Kada ka yi hukunci a allo. Buga a ainihin girmansa ko da baƙi da fari ne, hasali ma bugun baƙi da fari shi ke fallasa rubutun da launi kaɗai ke riƙe da shi. Manna bangon a allon aji ka ja baya mita uku: sunan mujalla da babban kanu su karantu. Runtse ido har komai ya dushe, abin da ya rage shi ne abin da ya fi ƙarfi, in bakod ne ko wani jan akwati to da gyara. Sannan ka ajiye shi tsakanin mujallu biyu na gaske ka duba abin da ya bambanta shi. Yawanci abu uku ne: rubutu ya yi girma, gefuna ba su yi sahu ba, hoto bai da haske.

Nemo mutum takwas zuwa goma daga irin masu karatun da ka siffanta, ba abokan da za su ce "ya yi" ba. Nuna musu bango na daƙiƙa biyar ka kife, ka tambaya: mene ne sunan mujallar, wace irin waƙa ce, wa ke bango, nawa za ka saya? Kada ka ce "ya yi kyau ko?", amsar tana cikin tambayar. Rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ka gyara, ka ajiye na da da na yanzu gefe da gefe.

Tambayoyi bakwai da waccan manhajar ta OCR ta gindaya don bayanin ɗalibi sun zagaye abin da kowane malami zai so ji: inda ka bi al'adar mujallu da inda ka saɓa mata, yadda ka nuna wani rukunin jama'a, kamfanin da zai iya rarraba mujallar, su wane ne masu karatu, yadda ka ja hankalinsu, abin da ka koya na na'ura, da ci gaban da ka samu tun daga aikin gwaji na farko. Kowace amsa ƙafa uku gare ta: abin da ka yi, dalili, shaida. "Na sa ja saboda yana da kyau" ba ta da maki. "Na sa ja a sunan mujalla da lambobin shafi kaɗai, na ɗebo shi daga hular mawaƙin, kuma bakwai cikin mutum goma sun tuna sunan bayan daƙiƙa biyar" ta cika, in dai da gaske ka yi gwajin kuma adadin naka ne.

Tambayar nuna jama'a ita ɗalibai suka fi tsallakewa. Duba hotonka da idon baƙo. Kyamarar da ta kalli mutum daga ƙasa girma ta ba shi, wadda ta kalle shi daga sama ta ƙanƙantar da shi. In mawaƙiya ce, da kayan aikinta ka nuna ta ko ado kawai? In makaɗin gargajiya ne, a matsayin gwani ya fito ko abin kallo? Faɗi wanda ka zaɓa da dalili.

A tambayar rarrabawa, kada ka ambaci babban kamfani don sunansa kawai. Kamfanin Bauer, mai buga mujallar waƙa ta Mojo, shi ya buga Q har ta rufe a 2020, mujallar NME kuma, wadda ta fara a 1952, ta daina fitowa a takarda kowane mako a 2018. Amsa mai nauyi sai ta fuskanci wannan hali na kasuwa: wa zai buga, a ina za a sayar, wa zai ba da talla, kuma wace siffa bangon zai ɗauka idan ya koma ɗan hoto a fuskar waya. Rage shi zuwa faɗin santimita 4 ka gani ko sunan yana karantuwa, ka sa sakamakon cikin bayaninka.

Faɗi raunin aikinka da kanka, takamaimai. "Da na ƙara ƙoƙari" ba bayani ba ne. "Kanu na uku ya faɗa kan zanen riga, da zan sake sai in sa mawaƙin ya matsa dama don hagu ya buɗe" shi ake nema, tare da hoton wurin da kibiya a kai.